Tsuntsu Mai Fiffike Ɗaya

"Ƙirga min fikafikansa!"

Ya dangwarar da kwalbar lemon a gabanta, hannunsa duk fenti. Ba sai ta ƙirga ba. Tsuntsun da ya zana mata ne a bangon bayan tasha, ga shi kamfani ya manna a jikin kwalba, babu sunansa, babu ko sannu. Fiffike ɗaya gare shi.

Na bangon biyu gare shi. A yammacin da ya fara zanen ya ƙarasa na biyun. Kafin ya ƙarasa kuwa, ita kaɗai ce ta ɗauki hoton a wayarta, tana tsokanarsa wai tsuntsunsa ba zai kai ta ko bakin titi ba.

"Ke kaɗai ce a wurin, masoyiyata. Wa kika ba?"

"Wallahi ban ba kowa ba..."

"To wa ya ɗauka?"

Sai ta tuna. Yayanta ne ya ari wayarta kwanaki, wai zai yi kira, ya shige ɗaki ya daɗe. Yayan da ke sashen talla na kamfanin, wanda ba a jima ba aka ƙara masa girma. Shi ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba, shi ke sayen maganin Umma. In ta ambace shi, mai zanen nan ba ya barin ta kwana, sai ya kai ƙara, aikin Yaya ya tafi.

Ta sunkuyar da kai ta ce ƙila wani mai wucewa ne ya ɗauka.

Ya daɗe yana kallonta, irin kallon da ake wa baƙo.

"Jiya na je kamfanin," ya ce a hankali. "Sun nuna min wanda ya kawo musu. Na fasa ƙarar saboda Umma. Daga bakinki kawai na so in ji."

"Ka tsaya... don Allah ka saurare ni!"

Bai juyo ba.

Washegari ta bi ta bayan tasha, idanunta sun kumbura. Tsuntsun na nan, bai shafe shi ba. Fiffike ɗaya kawai ya rufe da farin fenti, ko bushewa bai gama yi ba.