Masu Jira a Bakin Dogo

Dutsen farko ya faɗo ana shirin kiran magariba, Karimu na tsugune bakin rariya yana alwala. Ya bugi kwanon ɗaki, ya gangaro, ya tsaya gaban butarsa. Matarsa Rabi ta leƙo daga madafa, ta ce yaran maƙwabta ne. Karimu ya ɗauki dutsen ya jujjuya. Ruwan toka ne, mai kaifin gefe, irin wanda inji ke fasawa. Duk Malanville wuri guda ake samun irinsa, kuma shi ne mai kula da wurin.

Can bayan gari, ta hanyar Toumboutou, wani kamfani ya shimfiɗa guntun layin dogo na gwaji, wanda bai fito daga ko'ina ba, bai kuma nufi ko'ina ba. Inda wani tsohon burtali da aka daina bi ya ratsa layin, nan aka kafa sanda mai jar fitila, da farantan hasken rana shida, da akwatin batir. So ake a ga ko rana kaɗai za ta iya riƙe fitilun hanyar jirgi. Rana na faɗuwa fitilar ke kamawa da kanta, ta yi ta ƙyaftawa har gari ya waye. Sai ta kwana casa'in ba yankewa kafin ofishin kamfanin da ke Parakou ya amince da aikin, ya kuma riƙe Karimu dindindin. In ta mutu ko na minti guda, na'ura za ta kai labari. An ci kwana sittin da ɗaya.

Kashegari duwatsu uku suka faɗo. Jibi Rabi ta cika randuna da la'asar, da magariba ta tarar da su a bushe, ƙasansu har da ƙura. A ranar ce 'yarsu Samiha, mai shekara sha shida, ta ajiye tsintsiya ta nufi zaure. Tana isa bakin ƙofa ta tsaya cak. Ta duba dama, ta duba hagu, ta sake duba dama. Haka ta yi ta yi har aka idar da isha'i, leɓunanta na tsagewa. Aka miƙa mata ruwa ta kau da kai. Kwana biyu ko ɗigo bai wuce maƙogwaronta ba. A asibiti suka ɗaura mata ruwa, suka ce ba su ga ciwo ba.

Karimu ya kasa zama wuri guda. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya duba waya, ya mayar aljihu. Yana da mutunci a unguwa a matsayin mutumin da zai kawo jirgi, kuma ya saba da mutuncin fiye da yadda ya sani.

Rabi ce ta aika ƙauyen Garou aka ɗauko Malam Sallau, dattijo siriri mai ƙarancin magana. Ya iso da yamma, ya nemi tabarma, ya zauna nesa kaɗan da yarinyar. Rana na ɓuya Samiha ta miƙe ta koma bakin ƙofa. Malam ya fara karatu a hankali, bai ɗaga murya ba. Kaji suka yi tsit. Can sai yarinyar ta yi magana ba tare da ta juyo ba, da muryar tsoho mai busasshen maƙogwaro.

"Malam, bari ƙona ni. Ni ma Musulmi ne."

"Musulmi ba shi shiga jikin ɗiyar mutane. Wane ne kai?"

"Makiyayi. Burtalin nan namu ne tun ba a kafa garinga ba. Rana na faɗuwa muke kai bisashe gulbi. Kwana sittin da biyar ba su sha ba."

"Wa ya hana ku?"

Hannun Samiha ya ɗagu, ya nuna Karimu ta baya.

Sai Karimu ya tuna. Ranar da aka kunna fitilar ya tsaya shi kaɗai bakin layin da magariba, yana bitar abin da zai faɗa wa mutanen ƙauye kashegari. Saboda tarbiyyar gida sai ya fara da yi wa masu wuri sallama, kamar yadda kakarsa ke yi kafin ta zubar da ruwan zafi. Sannan ya ce da ƙarfi, in fitila ta yi ja ba mai ƙetarewa sai jirgi ya wuce. Har ya ƙara da, mun yi alkawali? Ya yi dariya, ya hau babur.

"Mun amsa mishi," in ji muryar. "Shi ne bai tsaya ya ji ba."

"Ƙarfen ai guntu ne," in ji Malam. "Mi ya hana ku kewayawa?"

"Ba ƙarfe ya tsai da mu ba. Mun ce to. Yanzu a hwaɗa mini, yaushe jirgin zai wuce?"

Malam ya dubi Karimu. Zaure ya cika da maƙwabta, waɗanda Karimu ya sha gaya musu baɗi jirgi zai iso.

"Ban sani ba," in ji Karimu. "Ba jirgi. Gwaji ne kawai."

Wani dutse ya faɗo tsakar gida, a hankali, kamar ajiye shi aka yi.

"To a tumɓuke sandar," in ji muryar.

"Ba tashi ba ce," in ji Malam. "Nemi abin da yake iyawa."

"Shi kashe fitilar daga faɗuwar rana zuwa isha'i, kullum. Shi kuma warware maganar da bakinshi, can inda ya ƙulla ta."

Karimu ya matso. "Saura kwana ashirin da biyar. Ku ƙara mini haƙuri, in an gama..."

"Muna iyawa. Yarinya sai ta jira tare da mu. Sai dai ita ba ta kai mu jure ƙishirwa ba."

Rabi ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko makullin babur ta sa masa a tafin hannu.

"Maigida, duhu na yi."

Ya tarar da fitilar tana ƙyaftawa a kan fili fetal. Ya buɗe akwatin, ya daɗe yana kallon wayoyin da shi da kansa ya jera, sannan ya zare guda. Jan hasken ya ɗauke. Ya yi sallama, ya ce, "Na janye maganata. Ku wuce."

Da farko ba komai. Sai tsakuwar layin ta fara motsi, ƙaras-ƙaras, kamar ƙarƙashin kofato masu yawa, wani ɗumi mai warin garke ya bi ta gefensa ya gangara wajen gulbi. Bai ga ko inuwa ba. Ya tsaya da hannu a ƙirji har ƙarar ta ƙare.

Wayarsa ta yi ruri. Lambar Parakou ce. Kafin ya yanke shawara ta katse, ta Rabi ta shigo.

"Ta sha kwano biyu," ta ce. "Tana tambayar wa ya tsaga mata baki."

Parakou suka sake kira. Karimu ya zauna a kan ƙarfen dogo, ya share fuska, ya ɗauka. Shugabansa ne a kan layi.

"Ba lalacewa ta yi ba, shef. Ni na kashe ta. Gobe ma zan kashe."