Sai Baba Ya Fara Sa Hannu

"Faɗa min gaskiya, Nana... ni kike gudu ko auren?"

Kamaluddeen ne ya yi tambayar, yana jingine da babur a ƙofar gidansu. Daga Nasko ya taso, inda yake koyarwa, taɓon damina har gwiwar wandonsa.

"Ba wanda nake gudu."

"To mene ne? Kawu Abdulsalami ya gaji da jiran a sa rana. Har ya fara yi min zancen 'yar maƙwabcinsa."

"Sai ka aure ta."

"Haba farin cikina..."

Nana Hafsat ta kau da kai. "Ka ga yadda Baba ya koma kuwa? Tun rasuwar Inna, yadda na kai kwano haka nake ɗauko shi. In na bi ka Nasko, wa zan bar wa shi?"

Ba ƙarya ta yi ba. Mahaifinta, Malam Na'inna tela, duk Kwantagora an san shi da ƙiba da dariya, yanzu rigunan da ya ɗinka wa kansa sun yi masa yawa. A zaure yake cin abinci shi kaɗai, yadda ya taso ya ga ubansa na yi. Da can Inna Aishatu kan zauna a bayan ƙofa tana ba shi labarin unguwa har ya suɗe kwano. Yanzu bayan ƙofar shiru. Likita ya duba, bai ga ciwo ba. Ina zai gani?

"Ni dai tun da kika dawo daga Koriyar nan ban gane miki ba," in ji Kamaluddeen. "Ko akwai wanda kika baro a can?"

"Akwai."

Ya miƙe tsaye.

"Kwantar da hankalinka. Ya girmi Baba, haƙoransa ma a kofi suke kwana."

Ta yi dariya, amma idonta ya cika. Shekarar da ta yi tana karatun jinya a garin Jonju, a gidan wasu mutane masu suna Yun aka sauke ta. Mata da miji, da yara biyu, da tsohon gidan da kowa ke kira Haraboji, wato kaka.

"Ranar farko aka jera ƙananan kwanoni a wani gajeren tebur," ta ce. "Na ga tsohon ya zauna, ga maigidan. Ka san mu... ina ni ina tauna a gaban manyan maza? Na ɗauki shinkafata na shige ɗaki. A ganina ladabi na yi."

"Ai ladabin ne."

"A nan ba. Na cinye, na fito da kwano, sai na tarar da su yadda na bar su. Miya ta huce. Ƙaramin yaron yana kallon kifi kamar zai yi kuka. Ashe a wurinsu ba mai taɓa abinci sai babba ya ɗaga cokali. Shi kuma tsohon ya ce ba zai ɗaga ba sai baƙuwa ta zauna."

"Kai, tsoho da rigima."

"Ko kalmar ban haƙuri ban iya ba a lokacin. Na durƙusa kawai. Ya buga tabarma da tafin hannu, alamar in zauna."

Daga nan ta koyi sauran. Ta koyi karɓar ruwa da hannu biyu. Ta koyi riƙe tsinken ƙarfen nan biyu da suke ci da su, bayan ta sha harba wake cikin miyar mutane. Ta koyi cewa "jal mokkesimnida" kafin ci, ma'ana zan ci da godiya, tana haɗawa da bismillarta a hankali. Uwar gidan ta sayo sabuwar tukunya wadda naman alade bai taɓa shiga ba, saboda ita. Tsohon kuwa yakan cire wa kifi ƙaya, ya ɗora mata a kan shinkafa, ya kalli taga kamar ba shi ya yi ba.

"Ranar da zan taho, ya ƙi fitowa rakiya. Wai ƙafarsa..."

Ta daɗe tana kallon ƙofar zauren. Sannan ta ce, "Tsaya nan. Kada ka tafi."

Ta shiga ta ɗauko tuwon dawa da miyar kuka, ta ajiye a gaban mahaifinta. Maimakon ta juya yadda ta saba, sai ta zauna a kan buzun da ke gefe, ta naɗe ƙafa.

Malam Na'inna ya dube ta ta saman tabarau. "Lafiya, Uwata?" Sunan mahaifiyarsa gare ta.

"Tare za mu ci, Baba."

"Tare? A gidan wa kika ga an yi haka?"

"A gidan da na zauna."

"To nan ba can ba ne. Ɗauki naki ki shiga ciki."

"Ba zan iya sa hannu ba sai ka fara."

"Na ƙoshi."

"Ni ma na ƙoshi ke nan. Gobe ma haka."

Tsoho ya tsuke fuska. Ya jawo carbi, ya ajiye. Ya kalli rufi. Shi da ya yi shekaru yana ja-in-ja da masu kawo ɗinkin salla, ya san mai cika baki, ya kuma san wanda ba zai tashi ba. Ana cikin haka cikinta ya yi ƙugi, ƙarar da har ta waje aka ji.

"Tun yaushe rabonki da abinci?"



Ya jawo ruwa ya wanke hannu. Ya yanko loma, ya daɗe da ita kafin ya kai baki. Nana ta sunkuyar da kai, ta yi bismilla, ta faɗi kalmar Koriyar nan a ƙasan maƙoshi.

"Wane ne mai babur ɗin da ke tari a waje?"

"Malam Kamal ne, Baba."

"Shigo, Kamalu. Wanke hannu."

Kamaluddeen ya durƙusa a bakin ƙofa, gumi na keto masa. "Ranka ya daɗe, ai ni... ba a yi haka ba."

"Yau an lalata gidan gaba ɗaya, saura kai. Matso."

Ya matso. Loma yake yi ƙanana kamar mai shan magani.

"Ka ce wa Abdulsalami ya zo ranar Juma'a mu tsayar da magana."

"Baba, ba zan bar ka..."

"Nasko ba Koriya ba ce. Ranar Asabar ya ɗauko ki a wannan tsohon babur ɗin, ku zo mu ci. Sauran ranakun zan kira yaran shago, in ga ko sun iya jira." Ya sake yanko tuwo, babba a wannan karon, ya lakato miya, ya ɓata fuska. "Amma kafin nan ki koyi zuba gishiri, Uwata. Wannan miyar, da uwarki na nan, da ta kore ki daga madafa."

Nana ta share ido da bayan hannu, ta tura masa kwanon miyar gabansa.