Jerin da Auta Ya Bari a Buɗe

Gab da magariba Auta ya koma ofis, cajarsa kawai ya manta. Bai kai ga zare ta ba yayarsa ta kira.

"Auta, na'urar nan taka ta sake mutuwa. Na kunna ta, amma ni fa hankalina bai kwanta ba."

Shi ya haɗa na'urar da hannunsa, ya rubuta mata manhaja, ya maƙala ta jikin gadon Umma da ke kwance wata uku. Numfashinta take ƙirgawa. In ya tsaya, sai ta yi kuka a kawo ɗauki. To wadda ke mutuwa da kanta, wa za ta tasa?

Ya ja kujera ya kunna kwamfuta, ya shiga manhajar na'urar ta intanet. Kowa ya tashi. Sai ƙugin fanka da warin wayar lantarki da ta ɗau zafi.

Aikin ba wani wahala gare shi ba. Jeri ne na bayanai, kowane numfashi da gurbinsa, manhaja ta leƙa ta karanta lamba. Karantawa ai ba ta cin wuri. Amma duk leƙawa ɗaya sai memori, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ya ragu, kaɗan-kaɗan har wurin ajiya ya ƙare, na'ura ta ɗauke.

Can ya gano. Gangancin mai sauri ne. Ya tsara bayanan su karɓi lamba kowace iri, da ya zo yin jerin kuma bai faɗi wace iri za ta zauna ciki ba. Manhaja ba ta san wa za ta tarar a gurbi ba, sai take ware wa duk wanda ta gani sabon wuri. Ya ja tsaki har da 'yar dariya, gyaran layi ɗaya ne.

Ya rubuta irin lambar, ya danna.

Manhaja ta ƙi. Wai akwai wanda ba irin wannan ba a cikin jerin.

Ya buɗe gurbin. Numfashi ne, amma ba na Umma ba. Nata gajere ne, sama-sama. Wannan ja ɗaya sai ya cinye minti guda. Sunan irinsa kuwa da wasu haruffa aka rubuta, waɗanda bai taɓa gani ba.

Ya kira gida, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, wa ke kusa da Umma?"

"Babu kowa. Ni ma ina bakin ƙofa. Lafiya?"

Ya ajiye wayar. Ya sake leƙa gurbin. Memori ya ragu, kujerar da ke gefensa ta yi ƙara, ta lotsa.

Fanka ta tsaya.

Wari ya taso, irin na tsohuwar rijiya.

Aka fara jan numfashi a bayan kunnensa. A hankali. Lambar kan allo tana hawa tare da shi.

Tsoro ya kama Auta, ya gane duk leƙawar da yake yi wuri yake ba mai numfashin nan. Bakinsa ya ƙi furta addu'a. Ya goge gurbin, ya rufe jerin ga duk wani baƙon iri, ya tura gyaran.

Wani abu mai sanyi ya riƙe wuyan rigarsa.

Ya fizge, riga ta yage. Bai san yadda ya sauko daga benen ofishin ba, sai ganin kansa ya yi a titi, ƙafa ɗaya ba takalmi.

Tun ranar na'urar ba ta ƙara mutuwa ba. Memori ko motsi ba ya yi, Yaya sai sa masa albarka take. Shi kaɗai ya san bai kori kowa ba, hana na'urar ƙirga shi kawai ya yi. In ya sake buɗe jerin, na'urar za ta mutu. In ya bar shi a rufe, ba zai ga komai ba.

Yanzu kullum yana gefen gadon, hannun Umma cikin nasa. Jiya da rana ta buɗe ido da ƙyar.

"Auta, ce wa baƙon nan ya ɗan matsa mana. Yana shanye mini iskar."

Ya duba ko'ina. Bai ma san wane gefe zai juya ya roƙe shi ba.