Takalmin da Teku Ta Ƙi Karɓa

A wani gari na bakin teku an yi wani saurayi mai yawon tsiya. Da ya dawo gida bayan shekara bakwai, ya tarar teku ta cinye itatuwan kwakwa, leda ta cika lunguna, kakarsa kuma ta rage tsawo.

Kaka ta ce, "Angona, kai sharar nan bola."

Bola da nisa, teku kuwa ga ta nan, sai ya juye mata. Da safe teku ta dawo da sharar har ƙofar gida, tsohon takalminsa a sama. Ya sake juyewa, ta sake dawowa da ita. Rana ta uku ta haɗo da ta maƙwabta, kwata ta toshe, ruwa ya jiƙe busasshen kifin da Kaka ke sayarwa.

Kaka ta ce, "Sannu, matafiyi! Tsarabar ke nan?"

Ya sunkuyar da kai, ya ɗauki kwando. Sawu tara ya yi zuwa bola.

Ran da yake ɗaure kaya zai sake tafiya, ya ɗaga takalmin, ya dubi teku. Kaka ta yi gyaran murya. Sai ya cusa shi cikin jaka.