Ƙwallon da Valdemar Ya Ci Garinsu

"Muddin ina numfashi, maci amanar nan ba zai taka mini gida ba!"

Graciete ta ajiye farantin gasasshen kifi a gaban mahaifinta. Tun safe ta kasa zaune ta kasa tsaye, ta leƙa taga ya fi a ƙirga.

"Baba, ya daina buga ƙwallo fa... gwiwarsa ta lalace."

"Alhakinmu ne!"

Tsoho Anacleto masunci ne, amma ƙungiyar ƙwallon garinsu yake so kamar ransa. Ita ta reni Valdemar, kafin 'yan tsallaken kogi su saye shi. Kowa a Fotugal ya san ɗan wasa ba ya murna idan ya ci tsohon gidansa, hannu yake ɗagawa ya ba da haƙuri. Shi kuwa gogan naka, ranar da ƙwallon da ya ci ya jefa ƙungiyar garin rukunin ƙasa, sai ya sheƙa a guje har gaban 'yan garinsu yana dukan ƙirji.

Daga nan ya bi duniya, Faransa, Girka, duk inda aka saye shi. Graciete ta zauna jinyar uba, tana korar manema, son Valdemar na cin ta a ɓoye. Yau zai zo neman aurenta, ta kuma rantse, in Baba ya kore shi, ta haƙura har abada.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Valdemar ya shigo yana ɗingishi, furfura ta fara masa sallama.

"Barka da rana, Baba."

"Babanka yana tsallaken kogi! Tambaya ɗaya zan yi maka. Mu da muka goya ka, me muka yi maka ka zo gabanmu kana dukan ƙirji?"

Valdemar ya sunkuyar da kai. Ya gwammace garin ya yi ta tsine masa da ya jefa sunan Graciete a bakin mutane.

"Ba ku yake nufi ba, Baba," in ji Graciete, hawaye na zubo mata. "Wa ke zaune kusa da kai ranar?"

Tsohon ya juyo ya dube ta.

"Ni ce! Ni yake nuna wa zuciyarsa... Tsoronka ya hana ni faɗa."

"Graciete, hasken idona, da kin bari..."

"Na gaji da bari, Valdemar!"

Anacleto ya dubi 'yarsa, wadda ƙuruciyarta ta ƙare wajen dafa masa abinci. Ya dubi gwiwar Valdemar. Ya daɗe yana murza hularsa, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

Can ya tura kujera da ƙafa.

"Zauna, kifin zai huce," ya ce wa Valdemar. "Na ba ka ita. Amma ka sani, a gidan nan, ƙwallon nan satar gida ce!"