Kabar Giwa a Kasko Ɗaya

A wani zamani can, an yi wata mata mai kabar giwa a kasko, tsiron nan da ake shafa ruwan ganyensa a ƙuna. Da ta yi 'ya'ya, maƙwabta suka zo roƙo. Matar ta ce, "Ba a raba uwa da ɗa." Suka dawo, ta ce, "Ba a raba uwa da ɗa." Wata tsohuwa ce ta nace, da ƙyar ta samu ƙanƙani.

Sauran da ke kaskon matar suka cunkushe, suka ruɓe. Ran nan kunu ya ƙona hannun 'yar matar. Ta ruga gidan tsohuwa: "Iya, ko ganye ɗaya!"

Tsohuwa ta yanko mata, ta haɗa da ɗan tsiro, ta ce, "Ungo, ni ina rabawa."