Shayin da Ya Cika Har Baki

Ranar Asabar jikata Begimai ta fara ganinsa, yana kokawa da wani tanti ruwan lemo a bakin rafi. 'Yan birnin Bishkek ke nan. Su bar katifa a gida, su biya kuɗi a ƙofar gandun dajin Chon-Kemin, su hau dutse su kwana a ƙasa, wai hutu. Ni da aka haifa a bukka, ba wanda ya taɓa cewa hutawa nake yi.

"Malam, tantin naka a kife yake," in ji ta.

"Na sani. Gwada shi nake yi."

"To in ka gama gwajin, ga bukkarmu can."

Tilek sunansa, malamin makaranta, ƙafafu kamar na zalɓe. Duk samarin kwarin nan jikar tawa ba ta ga wanda take so ba sai wannan. Suka wuni yana nuna mata duwatsun da ta girma a ciki, ita kuma tana cewa, "Kai, da kyau!" Ka ji munafunci.

Ubanta Orozbek, ɗana, ya ce sam. Shi Maksat yake so, mai dawaki, wanda ba ya iya gaisuwa sai ya faɗi yawan goɗiyoyinsa.

Lahadi da safe duka biyun suka zo shan shayi. A wurinmu ko yaro ya san baƙon da ake so ɗan kaɗan ake zuba masa, don ya daɗe ana ƙara masa. In aka cika maka kofi har baki, sha ka kama hanya.

Begimai ce mai zubawa. Sakarar nan ta tsaya kallon idon Tilek, shayi na zuba har ya malala. Da ta juya kan Maksat, ɗan guntu ne ya rage a buta.

Maksat ya hau shafa gashin baki. Tilek ya shanye, ya yi godiya, ya naɗe tantinsa ya sauka gari.

Da yamma ta karanta min saƙonsa tana kuka:

"Na gane, hasken idona. Ba zan ƙara damunki ba. Allah ya ba ki wanda ya fi ni."

Na ce, "Rubuta masa, ki ce kakata ta ce kai jaki ne."

Ta rubuta: "Masoyina, hannuna ne ya manta, saboda ina kallonka. Ka dawo." Jakin dai ta cire, na ga alama.

Asabar ta zagayo, sai ga shi. Orozbek ya ƙwace butar daga hannun 'yarsa, ya cika masa kofi taf yana kallonsa.

Tilek ya shanye, ya miƙo kofin.

Aka sake cikawa. Ya sake shanyewa. Buta ta ƙare, aka ɗora wata.

"Yaro, ba a koya maka al'ada ba ne?"

"An koya min, Baba. An kore ni sau ɗaya na tafi, ban ji daɗinta ba."

Rana ta yi tsaka, yaron nan ya haɗa gwiwoyi yana gumi, sai mutsu-mutsu yake, amma ya ƙi tashi. Begimai ta leƙo ta ce, "Ruhina, ka daure." Ka ji soyayya, ana ba mai jin fitsari ƙarfin gwiwa.

Can Orozbek ya dangwarar da butar.

"Tashi ka zagaya kafin ka ɓata min shimfiɗa. In ka koma gari ka turo manyanka."

Ban taɓa ganin malami ya yi gudu irin na ranar ba.

Lokacin kaka aka ɗaura aure, aka yanka tumaki, Maksat ma ya zo ya ci fiye da kowa. Na ɗaura wa amarya farin kallabi, na ɗaga hannu na ce Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su 'ya'ya masu albarka. Hankali kuwa, Allah ya sa su gado nawa, don a wurin iyayen babu abin ɗauka.